Darasi Na 11: Magungunan Daƙile Ƙwayar Bairos

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya sauko, sai ka ga an yi dafifi a ƙofar kemis. Wannan na tari, wancan na atishawa, wata ta goyo yaro hanci na yoyo. Buƙatar kowa kusan ɗaya ce: a ba shi kafso. Mai kemis ya ɓallo ja-da-yalo guda huɗu, ko ya yanko rabin katin Ampiclox, ya ƙunshe a 'yar takarda, a biya a wuce. Bayan kwana biyar ko mako guda mura ta saki, sai a ce ai kafson nan akwai kyau. Alhali ko ruwan ɗumi kaɗai aka sha, a daidai lokacin nan za ta saki, domin jiki ne ya yi faɗansa ya gama. Kafson bai ko taɓa ƙwayar da ta kawo murar ba, don ba dominta aka yi shi ba.

A wannan darasi za mu ga dalilin haka. Za mu kuma san wani rukunin magani na daban da aka yi musamman domin ƙwayar bairos: yadda yake aiki, cututtukan da yake yi wa amfani, da abin da ya sa lokacin shansa ya fi komai muhimmanci.

Ƙwayar cuta ba iri ɗaya ba ce

Mukan ce ƙwayar cuta mu yi musu kuɗin goro, amma tsakaninsu akwai nisa. Bakteriya halitta ce mai zaman kanta. Tana ci, tana girma, ta rabe gida biyu, biyun su zama huɗu. Ita ke kawo taifot da kwalara da tarin fuka. Jikinta na da bango da kayan aikin da babu irinsu a jikin ɗan Adam, don haka magani zai iya auna su kai tsaye ya bar mu lafiya. Penisilin, alal misali, hana ta gina bangon yake yi, sai ta fashe. Irin waɗannan magunguna ake kira antibayotik, kuma yawancin kafson da muke saye daga cikinsu yake.

Bairos kuwa ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Madubin da ake duba jini da shi a ɗakin gwaji ba ya ganin akasarinsa. Ba ya ci, ba ya girma, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Ɗan guntun umarni ne na halitta a naɗe cikin kwanso, kuma ba shi da kataɓus sai ya shiga cikin sel, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jikinmu da su. Shi ke kawo mura da ƙyanda da ƙarambau da shan-inna da zazzaɓin shawara da haukan kare, haka nan ƙanjamau da zazzaɓin Lassa da korona da ciwon hanta nau'in B da C.

Ku ɗauki sel tamkar shagon buga takardu, da injinsa da tawadarsa da ma'aikatansa. Bairos takarda ce guda da aka cusa cikin aikin ranar, babu abin da ke rubuce a kanta sai: a buga ni, a sake buga ni. Ma'aikata ba su gane baƙuwa ce ba. Sai su ajiye aikin mai shago su yi ta bugu da tawadarsa da takardunsa har shagon ya tsiyace, abin da aka buga kuma ya bazu zuwa shagunan maƙwabta. A nan wahalar take, domin duk wanda ya ce zai fasa injin don ya tsai da bugun, dukiyar mai shago ya ɓarnata. Shi ya sa penisilin ya shiga asibitoci tun shekarun 1940, amma magungunan bairos masu ƙarfi da sauƙin illa ba su fara samuwa sosai ba sai wajen 1980.

Inda magani ke tare hanya

Masu bincike sun gano cewa ko da yake da kayan sel bairos ke aiki, yana da 'yan sinadarai nasa na kansa waɗanda jikinmu ba shi da irinsu. Da wani yake shiga sel, da wani yake kwafar umarninsa, da wani yake yayyanka sassan sabon bairos a harhaɗa, da wani kuma yake ɓallewa ya fita. Waɗannan ne magani ke auna.

Asaiklobir ne ya tabbatar wa duniya cewa abin mai yiwuwa ne. An samo shi a 1974 a kamfanin Burroughs Wellcome a Amurka, wata masaniya mai suna Gertrude Elion kuma ta jagoranci gano yadda yake aiki. Ita ce ta sami kyautar Nobel a 1988 tare da wasu masana biyu. Hikimar maganin abar mamaki ce. Idan ya shiga lafiyayyen sel, zama yake yi kamar ba ya nan. Sai a sel ɗin da bairos ɗin hapis, dangin mai kawo ƙarambau, ya shiga ne wani sinadarin bairos ɗin da kansa ke kunna shi. Da ya kunnu sai ya yi kama da ɗaya daga cikin haruffan da ake rubuta umarnin da su. A ɗauke shi a jera a layi, daga nan kuma babu harafin da zai iya biyo bayansa, kwafi ya tsaya a rabi. Magunguna da dama na ƙanjamau da na ciwon hanta da irin wannan dabara suke aiki. A jikin kwali za ku ga sunayen da yawa daga cikinsu sun ƙare da haruffan v-i-r.

Daga wannan bayani abubuwa uku suka fito, kuma sauran darasin a kansu ya dogara. Na farko, kowane magani da bairos ɗinsa. Asaiklobir ba ya yi wa mura komai, maganin mura mai tsanani kuma ba ya taɓa ƙanjamau. Na biyu, maganin ba kashewa yake yi ba. Bairos ɗin da ya riga ya fito yana yawo a jini, garkuwar jiki ce ke share shi, aikin magani shi ne hana sabo fitowa. Na uku, tunda tarewa yake yi, ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku. A cutar da ke zuwa da gaggawa dole a fara shi da wuri. A cutar da ke zama a jiki kuma dole a riƙa shan sa kullum ba fashi.

Cututtukan da ake rige-rige da su

Akwai mura ta yau da kullum, wadda ba ta da magani sai hutu da ruwa da abin sauke zazzaɓi. Akwai kuma mai tsanani da likitoci ke kira infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ita wannan tana da magani, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ana shan sa sau biyu a yini tsawon kwana 5, kuma ya fi amfani idan an fara cikin awa 48. Gaskiyar magana, ga mai ƙarfi a jika bai cika rage jinya da fiye da yini guda ba. Inda ake ganin ranarsa shi ne ga tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara da masu asma ko ciwon zuciya. Maganin korona mai suna Paxlovid ma haka yake: cikin kwana 5 da fara ciwo ake son a soma, kuma waɗanda ake tsoron cutar za ta kayar ake ba.

Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, bairos ɗin bai fita ba, yana kwance a jijiyoyinsa. Bayan shekaru, idan tsufa ya zo ko garkuwa ta yi rauni, sai ya farka ya feso ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kamar ƙuna, a jere a gefe ɗaya na ƙirji ko baya ko fuska, ba sa tsallakawa ɗaya gefen. Mutane da yawa sai sun gama shafe-shafe suke zuwa asibiti. Asaiklobir kuwa cikin awa 72 da fitowar ƙurajen ya fi aiki, kuma sau 5 ake shan sa a yini, da ruwa mai yawa saboda ƙoda. Idan ƙurajen sun fito kusa da ido ko a kan hanci, kada a kwana, domin suna iya taɓa gani.

Zazzaɓin Lassa namu ne na gida. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, kuma duk rani yana tasowa, musamman a jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da shi, ya bar shi a fitsari da kashi a kan hatsin da aka shanya ko abincin da aka bari a buɗe. Maganin da ake ba majiyyaci shi ne ribabirin, a jijiya, a asibiti, kuma an fi sa ran amfaninsa a kwana 6 na farko. Matsalar ita ce a waɗannan kwanaki shida cutar ba ta da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Sai a sha maganin maleriya, a bi da kafso, a ƙara da jiƙo, ba a kai asibiti ba sai jini ya fara fita. Don haka duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu ko uku, a kai shi asibiti a faɗa wa likita duk abin da aka sha. Masana na ci gaba da muhawara a kan iyakar ƙarfin ribabirin, ana kuma gwada wasu magunguna, amma babu mai jayayya cewa wanda ya zo da wuri, aka kula da ruwan jikinsa da ƙodarsa, ya fi samun tsira. Ribabirin yana illa ga ɗan tayi, saboda haka ba maganin da za a saya a sha a gida ba ne.

Akwai wata awa 72 kuma da ya kamata kowa ya sani. Idan aka yi wa mace ko yaro fyaɗe, ko allurar da aka yi wa majiyyaci ta soki ma'aikacin lafiya, akwai maganin ƙanjamau da ake sha na kwana 28 don a hana bairos ɗin kafuwa a jiki. Sharaɗinsa a fara kafin kwana uku su cika, kuma awa ta farko ta fi ta goma. Iyalai da yawa suna ɓata waɗannan kwanaki wajen zaman sulhu da rufa-rufa. A fara kai yarinya asibiti, sauran magana ta biyo baya.

Ƙanjamau: ƙwaya guda, kullum

A 1987 aka amince da maganin ƙanjamau na farko a Amurka, wato AZT. Majiyyata suka farfaɗo, aka yi murna, amma bayan watanni ciwon ya dawo. Dalili shi ne bairos ɗin ƙanjamau yana fitar da biliyoyin kwafi a yini a jikin wanda ba ya shan magani, kuma wajen kwafar yana yawan kuskure. Cikin waɗannan kurakurai ba a rasa wanda ya sauya kama ta yadda maganin ba ya kama shi. Magani ya danne sauran, shi kuma wannan ɗaya ya sami fili ya cika jiki. Wannan ake nufi idan aka ce bairos ya bijire wa magani.

A 1996, a wani babban taro a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, aka bayyana mafita: a haɗa magani uku lokaci guda. Bairos zai iya dacewa da kuskuren da zai kuɓutar da shi daga guda, amma da wuya ƙwarai ya dace da na uku a tare. Mutanen da aka fid da rai da su suka tashi suka koma bakin aiki. Sai dai kuɗin ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, don haka a Afirka aka ci gaba da binne mutane alhali magani na nan a duniya. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a yini. Aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya a 2002, Amurka ta ƙaddamar da shirinta na PEPFAR a 2003. Gwamnatin Nijeriya ta fara raba maganin a cibiyoyi 25 a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Nijeriya.

Yau akasarin masu shan maganin ƙwaya guda suke haɗiya a yini. A cikinta akwai tenofobir da lamibudin, masu tsai da kwafi, da dolutegrabir, mai hana bairos dasa umarninsa cikin na sel. A asibiti TLD ake ce mata. Wanda ya riƙe shanta, cikin kamar wata 6 gwajin yawan bairos a jini yakan nuna ya yi ƙasa har na'ura ba ta ganinsa. Manyan bincike da aka yi a kan dubban ma'aurata sun tabbatar cewa wanda ya kai wannan mataki ya kuma zauna a kai ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma ana samun waɗanda sakamako ke fito musu ana dab da ɗaurin aure. Haka mai juna biyu. Idan ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka daga uwa, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Idan uwa na shan magani, aka kuma ba jariri nasa na ruwa a makonnin farko, adadin yakan koma ƙasa da 5 cikin 100.

To me ya hana a daina sha idan gwaji bai ga komai ba? Saboda tun a kwanakin farko na kamuwa, bairos ɗin ya riga ya dasa umarninsa a cikin wasu sel na garkuwar jiki, waɗanda ke kwance shiru shekara da shekaru. Magani ba ya iya ciro shi daga can. Da an bar sha, makonni kaɗan sun isa ya taso. Wanda kuma ke sha yau ya bari gobe ya fi kowa shiga haɗari, domin maganin da ya rage a jininsa bai isa ya danne bairos ba, amma ya isa ya tace masu bijirewa su yi yawa.

Karanta wannan hira. Wani dattijo ne ya zo karɓar maganinsa ana saura mako biyu azumi, ya tarar da ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yarsa.

"Baba, sannu da zuwa. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi, 'yata. Jiki kam ya yi kyau, har gona nake zuwa. Shi ne ma na ce bari in tambaya. Ga azumi ya ƙarato, ko in ɗan ajiye maganin nan sai bayan salla?"

"A'a Baba, kada a yi haka. Ƙarfe nawa ake sha yanzu?"

"Takwas na safe, in na karya."

"To a mai da shi dare. Da an sha ruwa ko bayan tarawi, duk wanda ya fi sauƙin tunawa, sai a tsaya a kansa kullum. Guda ɗaya ne a yini, bai hana azumi ba."

"Amma ke kika ce wancan karon gwaji bai ga komai ba."

"Maganin ne ya danne shi, Baba, yana nan a kwance. Kuma lafiyar Inna a gida ma da shan nan take tafiya."

"To shi ke nan. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba. A miƙo kwalbar in ƙirga abin da ya rage."

Ku lura cewa dattijon tambaya ya yi kafin ya sauya komai. Wanda jikinsa ba ƙarfi, ko yake shan magani sau biyu a yini, likita ne zai duba ko azumi ya dace da shi.

Ita kanta kwalbar akwai abin lura a cikinta. Ta roba ce, wata mai ƙwaya 30, wata 90, kuma a ciki akwai ɗan ƙunshi ko ɗan gwangwani da ba a sha. Aikinsa tsotse laima. Saboda gudun idon mutane, wasu kan juye ƙwayoyin a leda su cusa ƙarƙashin katifa ko aljihun mota, zafi da laima su lalata su. Wanda ke jin nauyi ya ɓare takardar jikin kwalbar in ya so, amma ya bar maganin a mazauninsa, a rufe, a inuwa. Sannan dolutegrabir ba ya shiri da farin maganin olsa na ruwa, kuma maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi suna rage shigarsa jiki idan aka haɗa su ba abinci a ciki. Mai juna biyu da aka ba maganin ƙarin jini a wajen awo ta tambayi yadda za ta tsara su. Mai shan maganin tarin fuka kuma akan ƙara masa dolutegrabir, don haka dole kowane ɓangare ya san da ɗayan.

Ana ci gaba da samun sauƙi. A 2025 aka amince da wata allura mai suna lenakapabir, wadda ake yi sau biyu a shekara don kare wanda bai kamu ba, bayan an gwada ta a kan 'yan mata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda.

Ciwon hanta: ɗaya ana dannewa, ɗaya ana warkewa

Binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ya ninka ƙanjamau sau da yawa, amma ba a cika maganarsa ba, domin yakan yi shekaru yana cin hanta ba a ji komai ba, sai ciki ya kumbura ko daji ya kama hantar. Ta jini yake yaɗuwa, da saduwa, da haihuwa: askar da aka yi wa wani aski da ita, abin yankan farce, allurar da aka maimaita. Ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka ware wa mutum kwano da kofi zalunci ne kawai.

Maganinsa tenofobir ne ko entekabir, ƙwaya guda a yini. Shi ma bairos ɗin, kamar na ƙanjamau, yana ajiye umarninsa can cikin sel ɗin hanta, saboda haka dannewa ake yi, kuma yawanci shan na tsawon rai ne. Ba duk wanda gwaji ya nuna yana da shi ne ke buƙatar magani nan take ba. Likita ne zai auna yawan bairos da halin da hanta ke ciki ya yanke. Amma wanda ya fara kada ya yanke da kansa, domin bairos ɗin na iya tasowa da ƙarfi ya kumbura hanta har ta kasa aiki. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, 9 cikin 10 cutar kan zauna masa har girma. Shi ya sa ake yi wa jariri allurar riga-kafinta cikin awa 24 da haihuwa, ba sai an yi suna ba.

Nau'in C labarinsa daban ne. Shi ba ya ajiye komai a ɓoye, sai ya yi ta kwafar kansa yake ɗorewa. Idan aka tsai da shi na 'yan makonni, ƙarewa yake yi gaba ɗaya. A ƙarshen 2013 aka fitar da sofosbubir a Amurka a kan dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Idan aka haɗa shi da wani ɗan'uwansa kamar daklatasbir, fiye da mutum 95 cikin 100 na warkewa sarai.

Masar ce ta fi kowa cin moriyar wannan. Shekaru da dama da suka wuce an yi wa miliyoyin mutanen karkararta allurar maganin tsargiya da sirinjin da ake maimaitawa ba a tsabtace shi sosai ba, har ya kai kusan mutum ɗaya cikin goma na manya a ƙasar na ɗauke da nau'in C. Gwamnati ta nemi ragi, kamfanonin cikin gida suka shiga yin maganin da arha, sannan a 2018 aka fita gwaji gari-gari, aka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin wata 7, aka ba waɗanda suka kamu magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a kan hanyar kawar da cutar. Sai dai nau'in C ba shi da riga-kafi, kuma wanda ya warke zai iya sake kamuwa.

Waɗanda ba su da magani, da masu cewa suna da shi

Yawancin cututtukan bairos har yau ba su da maganin daƙilewa. Ƙyanda ba ta da shi, sai dai a ba yaro bitamin A, a kula da idonsa da abincinsa da numfashinsa. Shan-inna da zazzaɓin shawara ma haka. Allurar riga-kafi ce makaminsu. Haukan kare ya fi su tsanani, domin da alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don a fara masa allura.

Inda asibiti ya ce dannewa kawai zai iya, nan masu lasifika a kasuwa da tasha ke samun ciniki, suna cewa jarka ɗaya ta wanke hanta, ta kori ƙanjamau. Ba ƙananan mutane kaɗai ke wannan ba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya shelanta cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin itatuwa, aka sa majiyyata suka ajiye maganin asibiti suka koma nasa. Wasunsu sun mutu, waɗanda suka tsira kuma suka kai shi ƙara bayan ya bar mulki. Ga mai ciwon hanta haɗarin biyu ne, domin duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, kuma jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba na iya ƙarasa wadda ta riga ta jigata. Wanda aka ce masa ya warke, gwajin jini a asibiti ne zai raba gardama, kuma kada ya ajiye maganinsa kafin sakamako ya fito.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa kafso ba ya maganin mura? Yi bayani da kalmominka.

2. Maƙwabcinka ya kwana uku yana zazzaɓi a watan Fabrairu, ya shanye maganin maleriya bai ji sauƙi ba, yanzu ya aiko a sayo masa kafso. Me za ka ce wa iyalinsa?

3. Me ya sa ake warkewa daga ciwon hanta nau'in C amma nau'in B sai dai a danne shi?

4. Wata mata ta karɓi kwalba mai ƙwaya 90 ranar 1 ga Maris. Ranar 30 ga Afrilu da dare, bayan ta sha na ranar, aka ƙirga aka sami 41. Kwana nawa ta yi fashi?

5. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya je asibitin da ya fi kusa ya tambayo ranakun da ake gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, nawa ake biya in ana biya, da kuma ko ana yi wa jaririn da aka haifa a gida allurar ciwon hanta idan aka kawo shi a ranar. Ku rubuto amsoshin ku kawo aji mako mai zuwa.